Wat nawa ne na gaskiya? Kundin gwajin ma'aunan ƙarfi huɗu a kan keke ɗaya

7 ga Disamba, 2024

An gama harhaɗa keken gwaji a nan Jos. Ma'aunan ƙarfi huɗu ne a jikinsa lokaci guda: na feda, mai auna kowace ƙafa daban, na gindin faranti, wanda ke zaune tsakanin sandar feda ta dama da farantin sarƙa, na sandar hagu kaɗai, sai injin atisaye na ɗaki, irin wanda ake cire tayar baya a ɗora sarƙa a kan haƙoransa. Ba za a ambaci kamfanonin da suka ƙera su ba. Ƙwaya ɗaya ɗaya ce a hannunmu, kuma ƙwaya ɗaya ba ta isa a yanke wa kamfani hukunci ba.

Abu biyu ake bi, waɗanda masu keke kan cakuɗa. Na farko, idan ma'auni ya ce wat 250 (wat shi ne awon ƙarfin aikin da ƙafa ke bayarwa), shin 250 ɗin ne? Na biyu, idan ƙafa ta yi aiki iri ɗaya yau da jibi, da sanyin asuba da zafin azahar, shin lamba ɗaya zai bayar? Mudun da ya ɗan gaza ba ya cutar mai auna hatsin gidansa muddin da shi yake awo kullum, sai ranar da ya kai hatsin kasuwa rigima ke tashi. Mai atisaye da ma'auni ɗaya ya fi buƙatar na biyun. Wanda ke da ɗaya a keken titi, ɗaya a ɗaki, dukansu yake buƙata.

Ukun da ke jikin keken hanya ɗaya suke aiki. Akwai siraran zaruruwan ƙarfe manne a jikin sanda ko gatarin feda. Idan aka taka, ƙarfen yana lanƙwasawa kaɗan, yadda ido ba ya gani, zaren ya miƙe, wutar da ke bi ta cikinsa ta canza, na'ura ta mai da wannan canjin zuwa ƙarfin murɗi, wanda ake aunawa da Nm, wato niyutan-mita. A ninka murɗi da saurin juyi, wat ya fito. A juyi 90 a minti, kowane Nm 1 daidai yake da wat 9.42, don haka wat 250 na buƙatar murɗin Nm 26.5. Tun ma'aunin SRM da Ulrich Schoberer ya fara ƙerawa a Jamus a 1986, wannan tushen bai canza ba. Abin da ya canza shi ne farashi, da kuma wuraren da ake manna zaren.

14 ga Disamba, 2024

Mako guda na ɗauri da saiti. Ba a taka keken don awo ba ko sau ɗaya.

An wanke zaren dunƙulen feda, an shafa giris kaɗan, an ɗaure da sifana mai awon ɗauri. Kowane kamfani da nasa adadin: Favero na cewa Nm 35 zuwa 40, Garmin na cewa 34. Fedar da ba ta ɗauru sosai ba tana ɗan motsi a cikin ramin sanda, kusurwar da na'urar ta haddace ta goce, lambar ta riƙa yawo. Bayan ɗauri sai a yi gajerun gudu masu ƙarfi na daƙiƙa goma goma don komai ya zauna, sannan a saita sifiri, wato a nuna wa na'urar abin da za ta ɗauka a matsayin babu nauyi a kanta. Notikan farantin sarƙa ma sun shiga lissafi. An ɗaure su a giciye, kaɗan kaɗan, har suka yi daidai da juna, domin noti ɗaya da ya fi sauran matsi yana jan gindin farantin gefe guda, ya motsa sifirinsa. Notika biyu na sandar hagu, irin ta Shimano, Nm 12 zuwa 14 ne, ana ɗaure su bi da bi.

Tsawon sanda shi ne kuskuren da ya fi yawa ga masu ma'aunin feda. Feda ƙarfin takawa kawai take ji, sai an gaya mata tsawon sanda kafin ta fitar da murɗi. Tsawon yana rubuce a cikin sandar, kusa da ramin feda. Namu milimita 172.5 ne. Wanda sandarsa 170 ce, amma kwamfutar kan kekensa na kan 172.5, yana samun ƙarin kusan kashi 1.5 cikin 100 kyauta. Idan 175 aka saka wa mai 170, ƙarin ya kusa kashi 3. Wani abin lura: wasu kwamfutocin suna tura nasu tsawon zuwa feda duk lokacin da suka haɗu, su goge wanda aka saka ta waya. A duba wuraren biyu.

Kowane ma'auni da tasa kwamfutar, duka ta ANT+, hanyar sadarwa mara waya tsakanin ma'auni da kwamfuta. An saka su kan naɗar kowace daƙiƙa, an kashe saitin da ke dakatar da naɗa da kansa idan keke ya tsaya, an bar sifiri cikin lissafin matsakaici. Idan ɗaya na zubar da daƙiƙun da ba a taka ba, ɗaya na ƙirga su, matsakaicinsu ba zai taɓa haɗuwa ba ko da ma'aunan sun yarda da juna. An sa sabon batir CR2032 a biyun da ke amfani da shi.

21 ga Disamba, 2024

Gwajin rataye nauyi. Shi kaɗai ne gwajin da ba ya dogara da wani ma'aunin ƙarfi, don haka a kansa komai zai tsaya.

Kayan aiki: farantan ƙarfe na ɗaga nauyi, ƙugiya, igiya, sikeli mai kyau, da ma'aunin magina mai ruwa. Kada a yarda da lambar da ke jikin farantin. Wanda aka rubuta wa kilo 10 yana iya gazawa ko ya wuce da gram ɗari biyu ko uku, kuma gram 200 a cikin kilo 10 kashi 2 ne, ya fi kuskuren da ake nema girma. An auna komai tare da ƙugiya da igiya, an cike da ƙananan notika har nauyin ya tsaya cif a kilo 10, 20 da 30.

Ana ɗora keken a kan benci biyu don nauyin ya yi lilo bai taɓa ƙasa ba. A saita sifiri babu komai a feda. A kwantar da sandar ta miƙe gaba, a riƙe birkin baya, a rataya nauyin a tsakiyar gatarin feda, a jira lilon ya tsaya, a karanta. Murɗin da ake tsammani shi ne nauyi sau jan ƙasa sau tsawon sanda. Littattafai na ba da 9.81 a matsayin jan ƙasa, amma wannan na ƙasashen da ke nesa da ikweta ne, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200 kuma kusa da ikweta, 9.78 ne. Bambancin kashi 0.3 ne, ƙarami, amma ga na'urar da ke alkawarin kashi 1 ba abin zubarwa ba ne. Da 9.78 da mita 0.1725, kilo 10 na ba da Nm 16.87, kilo 20 na ba da 33.74, kilo 30 na ba da 50.61.

Karkacewar sanda ba ta da illa sosai idan kaɗan ce: digiri 5 na rage kashi 0.4, digiri 10 na rage kashi 1.5. Dabarar da ta fi ma'aunin magina sauƙi ita ce a murza tayar baya a hankali, nauyin na hawa da sauka, a ɗauki lamba mafi girma da ta bayyana. A nan ne sandar ta kwanta daidai.

A kilo 20, fedar dama ta ba da 33.6, ta hagu 33.9, duka cikin rabin kashi. Na faranti ya ba da 34.4, wato ya wuce da kashi 2, kuma da kashi 2 ɗin ya wuce a kilo 10 da 30. Wannan na da muhimmanci. Kuskure iri biyu ne. Idan sifiri ne ya goce, ratar a Nm iri ɗaya ce a kowane nauyi. Idan lambar ninkawa ce, ratar tana girma tare da nauyi, kason ne ke tsayawa. Na farantinmu ninkawa ce, kuma manhajarsa ta yarda a gyara: 33.74 a raba da 34.4, ya ba da 0.981. An saka, an sake ratayawa, ya zauna. Na sandar hagu ba ya nuna murɗi a manhajarsa, injin ɗaki kuma ba ya awo sai yana juyawa. Su biyun za a gwada su da feda.

4 ga Janairu, 2025

Gwajin takawa na farko a ɗaki. Ɗumi na minti 15, sauka a saita sifirin ukun, a bar injin ya yi nasa gwajin na sakin feda, inda ake kai shi gudu a saki feda ya auna yadda gudun ke raguwa, sannan matakai na minti huɗu huɗu a wat 150, 200, 250, 300 da 350, ana riƙe juyi 90. Ana zubar da daƙiƙa 30 na farkon kowane mataki. An kashe saitin da ke gyara layin ƙarfi ya fito sumul, domin a wasu injinan lambar da aka nema yake nunawa maimakon wadda aka auna.

Feda da faranti sun bi juna cikin kashi 1 a kowane mataki. Injin ɗaki yana ƙasa da su da kashi 2 zuwa 2.5. Wannan ba laifi ba ne. Feda na awo kafin sarƙa, injin na awo bayanta, kuma sarƙa mai tsabta da mai tana cin kashi 2 zuwa 3 na aikin. Da injin zai yi daidai da feda wat da wat, da sai a tambayi wane ne a cikinsu ke ƙari.

A kan wannan lissafin ne yawancin ƙorafin masu keke ke rushewa. A ce ƙafa na ba da wat 300. Feda mai alkawarin kashi 1 tana iya cewa 303. Sarƙa ta ci kashi 2.5, saura 292.5, injin mai alkawarin kashi 1 ya ce 290. Ratar wat 13 ke nan, kuma babu wanda ya saɓa alkawarinsa.

18 ga Janairu, 2025

Hunturu ya ba da damar gwajin zafi da sanyi ba tare da an nemi firji ba. Asuba na sauka wajen digiri 12, azahar na kusantar 28, ƙarfen da ke rana kuma ya fi haka.

Alminiyon na ƙara tsawo da kimanin kashi 23 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri, zaren awo kuma ba ya bambanta miƙewar zafi da miƙewar takawa. Ana jera zaruruwan huɗu huɗu don su soke wa juna wannan, amma ba ya sokuwa duka, ragowar ce ke motsa sifiri. Akwai illa ta biyu: ƙarfen da ya yi zafi ya fi saurin lanƙwasawa, kusan kashi 1 a kan digiri 20 ga alminiyon, kuma wannan ninkawa yake taɓawa, saita sifiri ba ya gyara shi. Sai dai teburin gyaran zafi da aka saka wa na'urar tun a masana'anta.

An kwana da keken a cikin ɗaki mai ɗumi, an saita sifiri a ciki, an fito da shi sanyin asuba, ana duba lambar sifiri kowane minti biyar ba tare da an adana ta ba. Feda ba ta motsa abin a zo a gani ba. Na hagu ya ɗan motsa ya dawo. Na faranti, da aka kashe masa saita sifiri da kansa, ya goce da kusan rabin Nm kafin ya tsaya bayan wajen minti 20. Rabin Nm a juyi 90 wat 4.7 ne. A wat 400 bai kai kashi 1.2 ba, amma a wat 150 na doguwar tafiya ya haura kashi 3. Shi ya sa gocewar sifiri ta fi ɓata awon tafiyar sannu, inda mutane ba sa zarginta.

Ƙa'idar da aka tsayar: a fito da keke waje minti 15 zuwa 20 kafin saiti, a saita ƙafa a ƙasa, takalmi ba ya maƙale a feda, sanda a tsaye, keke ba ya jingine da nauyi. A rubuta lambar da ta fito kowace rana. Lambar kanta ba ta da ma'ana, tsallenta daga jiya zuwa yau ne labari. Ma'aunan da ke saita kansu yayin da aka saki feda suna rage wannan wahalar, amma a doguwar hawa, inda ba a sakin feda kuma iska na ƙara sanyi, ba sa samun damar yin hakan.

1 ga Fabrairu, 2025

Na sandar hagu ya ci makonni biyu, kuma ya cancanta.

Ƙafa ɗaya yake aunawa ya ninka biyu. Don a raba laifin na'ura da halin ƙafa, an ɗauki lambar fedar hagu kaɗai, an ninka biyu, an kwatanta da shi. Sun haɗu cikin kashi 1 a kowane mataki. Na'urar lafiyarta ƙalau. Amma idan aka kwatanta shi da jimillar ƙafa biyu, ratar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, domin rabon aiki tsakanin ƙafafun mahayin gwaji yana canzawa: a tafiyar sannu hagu na ba da kashi 48, a kusa da iyakar ƙarfi tana haurowa 49.5, idan gajiya ta shiga bayan awa biyu tana sauka 47. A wat 250 na gaskiya, wannan na nufin na'urar ta nuna 240, ko 247.5, ko 235.

Wasu manhajojin na ba da damar ƙara wa irin wannan ma'aunin wani kaso na dindindin. Ga wannan mahayin ba zai yi ba, don ratar da ake son toshewa tana yawo. Mahayi na biyu da aka ɗora, rabonsa bai bar 50 da fiye da rabin kashi ba, kuma a wurinsa na hagu ya yi aiki kamar na ƙafa biyu. Ra'ayinmu shi ne, kafin mutum ya sayi na ƙafa ɗaya, ya ari na ƙafa biyu na mako guda, ya ga rabonsa a sannu, a ƙarfi da kuma cikin gajiya. Ba duk mai karkata ne zai sha wahala ba. Wanda karkatarsa ba ta canzawa, lambarsa ta kauce wa gaskiya amma tana kan magana ɗaya, kuma atisaye zai tafi daidai.

15 ga Fabrairu, 2025

An bar sarƙa ta sha ƙurar hunturu na tafiyar titi ba wanki, aka mai da keken kan injin. Ratar feda da injin ta tashi daga kashi 2.5 zuwa sama da 4. An wanke da kananzir, an busar, an ɗiga mai a kowace gaɓa, an goge na waje, ta koma inda take. Mai atisaye da injin ɗaki zai ga kamar ƙarfinsa ya ragu da wat huɗu ko biyar, alhali sarƙa ce ta ci. Haɗa babban faranti da babban haƙorin baya, inda sarƙa ke karkacewa, shi ma ya ƙara ratar, don haka an tsayar da giya ɗaya ga duk gwajin ɗaki.

Injin da ba a ɗumama ba yana faɗin ƙasa da gaskiya a minti goman farko, kafin bel da giris su saki. Gwajin sakin feda da aka yi masa yana sanyi ya ɓata lambobin ranar gaba ɗaya.

1 ga Maris, 2025

Ƙwaya huɗu ba sa nuna yadda kasuwa take, amma akwai binciken da ya nuna. A 2017, Thomas Maier da abokan aikinsa a cibiyar wasanni ta tarayyar Suwizalan da ke Magglingen sun wallafa gwajin ma'aunai 54 na kamfanoni tara, inda suka taka keke a kan bel mai gangare suka kwatanta da lissafin kimiyya. Matsakaicin kuskure ya gaza gaskiya da kashi 0.9 kacal, amma warwatsuwar ta kai kashi 3.2, kuma shida sun kauce da fiye da kashi 5. Wajen maimaita lamba ɗaya kuwa, bambancin kashi 1.2 ne. Wato yawanci suna kan magana ɗaya, maganar ce ba lallai ta zama gaskiya ba. Abin da muka gani a na faranti kafin gyara ke nan.

Ga inda abin ke taɓa atisaye. Yawancin masu horo suna gina matakai a kan FTP, ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa guda, wanda ake ƙiyastawa da kashi 95 na gwajin minti 20. A tsarin Andrew Coggan, mataki na huɗu kashi 91 zuwa 105 ne, wato wat 228 zuwa 263 ga mai FTP 250. Idan an auna FTP ɗin da feda a titi, aka zo aka nemi 250 a na'urar da ke gazawa da kashi 4, ƙafa 260 take bayarwa, kashi 104, bakin iyakar matakin. Zangon minti 20 sau biyu da ya kamata a gama da sauran numfashi sai ya gagara, a ɗora laifin a kan barci ko abinci. Mafita biyu ce. Ko a auna FTP daban a kowace na'ura, ko, wanda ya fi, a sa manhajar ɗaki ta karɓi lamba daga fedar keke, injin ya tsaya ga riƙe nauyi kawai.

15 ga Maris, 2025

An sake rataye nauyi bayan kusan wata uku na aiki. Feda biyu da faranti duk suna cikin rabin kashi na inda aka bar su a Disamba.

Gudun ƙarshe na daƙiƙa 10 bai ba da amsa mai tsabta ba tukuna. Lamba mafi girma ta daƙiƙa ɗaya ta bambanta da wat gommai tsakanin ma'aunan, amma matsakaicin daƙiƙa 10 ya matso kusa. Dalili ɗaya shi ne kowace na'ura sai ta gama juyi take aika lamba, kwamfuta kuma daƙiƙa take ƙirgawa, su biyun ba sa faɗawa tare. Na biyu, wat 1,000 a juyi 110 murɗin Nm 87 ne a matsakaici, ƙololuwar kowane taki ta fi haka nesa, kuma kilo 30 da muka rataya bai wuce 50.61 ba. Gwajinmu bai kai wurin ba. Ana neman ƙugiya da benci da za su ɗauki kilo 50, wanda zai ba da Nm 84.35.

A titi mai gargada, na hagu ya riƙa zubar da juyi na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Da na'urar jin motsi yake ƙirga juyi maimakon maganaɗisu, girgiza na rikita shi, kuma duk inda juyi ya ɓace wat ma ya ɓace. Za a maimaita a titi ɗaya da iskar taya iri biyu don a ga ko rage iska na rage zubarwar.

An samo farantin sarƙa mai siffar ƙwai. Ma'aunin da ke ɗaukar saurin juyi ɗaya ga dukan zagaye yana ƙara lamba da irin wannan farantin, domin sandar na rage gudu daidai inda ƙafa ta fi dannawa. Za a ɗaura shi a makon gobe, a sake ɗaure notika, a rataye nauyi, sannan a maimaita matakan 4 ga Janairu. Gwajin zafi na biyu yana jiran Afrilu, kuma a Kano za a yi shi, inda rana ke haura digiri 40.